Zoɓon Altine na Jibin Kirsimeti

A Gidan Ranau, wani ɗan ƙauye da ke bayan Gammo a ƙasar Kabo, akwai majami'a guda ɗaya ta jar ƙasa da rufin kwano, wadda ba ta ɗaukar mutum sittin sai an matsu. Masu bin da ke sujada a cikinta duk dangin juna ne, jikokin Maguzawa, manoman dawa da gyaɗa. Suna da wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma ba wanda ya taɓa karya ta. Abin da za a ɗora a teburin Jibin Ubangiji ranar Kirsimeti, wato gurasa da abin sha na tunawa da Yesu, ba a sayo shi a kasuwa, ba a kuma aro shi. Gurasar, da alkamar fadamar wani mai bi ake yin ta. Abin sha kuwa zoɓo ne, daga gonar gidan da zagaye ya zo kansa a shekarar.

Bana ba zagayen gidan Altine ba ne, na gidan Tarana ne, shugabar zumuntar mata. Altine ce ta je har ɗakinta tun kafin ruwan shuka, ta durƙusa ta roƙa a bar mata. Tarana ba ta tambayi dalili ba, don kowa ya san dalilin. Ta ce ita za ta ɗauki gurasa, Altine ta ɗauki zoɓo.

Dalilin kuwa shi ne Nomau, mijin Altine.

Shekara talatin da ɗaya Altine tana bin Yesu, shekara talatin da ɗaya tana yi wa Nomau addu'a. Bai taɓa hana ta zuwa sujada ba. Lokacin da ƙafarta ta yi ciwo ma, shi yake kai ta bakin majami'a a keke, ya sauke ta, ya juya. Amma shi ne mai yi wa dangi yankan tsafi. Akwai wata babbar tsamiya a gefen gonarsu, a gindinta yake yanka kaza ko akuya in za a yi shuka ko in wani ya kwanta ciwo. Kuma shi mutum ne mai duban launi. In jini ya zuba ya tsaya ja, sai ya ce an karɓa. In ya yi baƙi da wuri, sai ya ce an ƙi, kuma ba mai iya sauya masa magana. Akwai shekarar da ya bar gona guda da ya riga ya share, ba don komai ba sai don jinin zakara ya yi duhu kafin ya goge wuƙa. Altine kuwa tun da ta tuba ba ta sake sa 'ya'yan tsamiyar nan a bakinta ba. In za ta yi kunu, sai dai ta nemo ta wani wuri.

Bara gyambon ciki ya kwantar da shi sati uku a asibiti a Gwarzo. A can Rabaran Dabo, mai kula da majami'un ƙauyukan yankin, ya riƙa zuwa yana zama a gefen gadonsa yana karanta masa Maganar Allah. Ba wanda ya san abin da suka tattauna. Da Nomau ya dawo gida dai, sai ya miƙa wa Altine wuƙar yankan ya ce ta riƙa yanka kuɓewa da ita. Da farko ta ɗauka wasa yake. Bayan wasu watanni, a ƙarshen daminar bana, aka yi masa baftisma a rafi, ruwa har ƙirji. Da aka tambaye shi sabon sunan da yake so, ya ce a bar masa Nomau, ai da shi Allah ya san shi.

Ranar ba a yi Jibi ba, don Rabaran yana da wani ƙauye da ke jiransa. Ƙauyuka tara ne a hannunsa, sau uku kawai yake zuwa Gidan Ranau a shekara. Saboda haka Jibin Kirsimetin nan shi ne na farko a rayuwar Nomau.

Bai iya karatu ba. Altine ce take karanta masa da yamma, a hankali, tana bin layi da yatsa yadda aka koya musu a ajin manya. Wurin da ya fi sa ta maimaita shi ne inda Ubangiji ya ɗauki ƙoƙo ya ba almajiransa, ya ce jininsa ne da za a zubar dominsu. Wata rana ta gama karantawa, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce, "Altine, kina ganin za a karɓe ni? Hannun nan ya zubar da jini da yawa."

"An riga an karɓe ka, Maigida," in ji ta. "Ba ka ji abin da Rabaran ya faɗa a rafi ba?"

"Na ji," ya ce. Amma bai ɗago kai ba.

Layi biyu kacal Altine ta shuka na zoɓon, a bakin gyaɗa. Ita ta tsinke shi, ita ta ɓare, ita ta shanya a kan rufin ɗaki inda awaki ba sa kaiwa. Da ya bushe bai wuce ƙwarya guda ba, amma ja ne wur, mai kyau.

Ranar Kirsimeti ta tashi da sassafe, ta hura wuta, ta ɗora tukunya. Ta juye zoɓon duka, ko ƙwaya ba ta rage ba, don tana so ya yi kauri, ya yi ja yadda Nomau zai kalla hankalinsa ya kwanta. Da ya tafasa ta ɗiba a ludayi ta ɗanɗana. Tsami ya kama mata haƙora. Nan take ta tuna da cikin Nomau, da yadda likita ya ce ya guji tsami. Ai kurɓa ɗaya ce, amma ina, ba ta so ko kurɓa ɗayar ta cutar da shi a irin wannan rana. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kanwa. Mata kan jefa 'yar ƙanƙanuwa a zoɓo don ta kashe tsami, ita ma ta sani. Ta jefa ɗaya, ta ɗanɗana, ta ji da saura. Ta ƙara. Ta sake ƙarawa, wannan karon babba, sannan ta rufe tukunya ta je ta duba shinkafa.

Da ta dawo ta ɗaga murfi, sai ta tsaya riƙe da shi a hannu.

Babu ja a tukunyar. Ruwa ne baƙi mai ratsin kore, kamar na marina. Ta juya da ludayi ko saman ne kawai. Ta ɗiba ta zuba a farin kwano, ta kai hasken rana. Baƙi ne dai.

Ta zauna a kan turmin da ke kife a gefen murhu. Ba kunyar Tarana ce ta fara zo mata ba, ba kuma ta Rabaran ba. Nomau ta gani a zuciyarta, zaune a bencin maza, an miƙa masa kofi, ya leƙa ciki. Mutumin da ya bar gona guda saboda jinin zakara. Ba zai yi faɗa ba, ta san shi. Zai ajiye kofin a hankali, ya tashi ya fita, kuma ba wanda zai sake iya gaya masa cewa an karɓe shi. Daga bayan gida tana jin ƙarar ruwa, yana wanka yana 'yar waƙar da yaran majami'a suka koya masa, yana ɓata kalmomin.

"Salamu alaikum, masu Kirsimeti. Ko an cinye ba a jira mu ba?"

Zubaidatu ce, maƙwabciyarsu ta tsallaken hanya, Musulma, wadda take dafa zoɓon sayarwa kowace ranar kasuwa. Kowace shekara takan zo da safe ta kawo aron manyan kwanuka, kamar yadda Altine take kai mata nata ranar Sallah. Ta dire kwanukan, suka gaisa, ta tambayi kwana da gajiya da jikin Baba Nomau, Altine tana amsawa ba ta san me take faɗa ba. Sai Zubaidatu ta leƙa tukunya.

"Yaya Altine, rini kika koma? Da kin faɗa min na kawo tsohon zanena."

Altine ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Ta gaya mata komai a gurguje, murya ƙasa ƙasa don kada a ji a bayan gida.

"Kanwa nawa kika sa?"

Altine ta nuna da yatsu.

"Wannan ai ta wanke kan amarya ce, ba ta zoɓo ba," in ji Zubaidatu. "To share hawayenki. Ina da buhu guda a ɗaki, yanzu in ɗebo miki mu ɗora sabo."

"Ba zai yiwu ba, Zubai. Sai na gonarmu."

"Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Kuma teburin Ubangiji zan kai."

Zubaidatu ta dube ta, ta gyaɗa kai. Ba ta ƙara ja ba. Ta kalli tukunyar, sannan ta ce, "Sauke shi daga wuta, kar ki zubar. Ina zuwa."

Ba ta daɗe ba ta dawo da ƙwarya, da jiƙaƙƙiyar tsamiya a ciki wadda ta jiƙa tun asuba don kunu. Ta murje ta da hannu, ta tace da rariya. "Abin da kanwa ta kora, tsami ne yake dawo da shi," ta ce. "Ya taɓa faruwa da ni ana gobe kasuwar Kabo, na kusa suma. Riƙe ludayi ki yi ta juyawa."

Ta fara tsiyayawa kaɗan kaɗan. Ruwan ya yi kumfa ya taso, Altine ta ja baya. Inda tsamiyar ta sauka sai wani ɗan ja ya bayyana, ya ɓace, ya sake bayyana. Ta ci gaba da juyawa. Baƙin ya koma ruwan hanta, ruwan hantar ya yi ta washewa, har ludayin da ta ɗago ya fito da ja. Bai kai na farko haske ba, amma ja ne, ba mai cewa ba ja ba ne.

"Allah na gode maka," in ji Altine. Ta kama hannun Zubaidatu da hannu biyu. "Zubai, ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Ki gode min da cinyar kaza. Kuma kar ki damu da al'adarku, ba ki karya komai ba. Tsamiyar ma taku ce. Ta babbar bishiyar nan ta gefen gonarku ce, shekaranjiya na kaɗo da gora, tunda na ga ku ba kwa taɓawa, tana ta zuba a banza."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita tana cewa a gaida Baba. Ba ta ga yadda fuskar Altine ta sauya ba.

A daidai lokacin aka buga ƙarfen majami'a, bugun farko. An kuma ji ƙarar babur ɗin Rabaran ya shigo gari. Babu sauran zoɓo, babu sauran lokaci. Altine ta tace abin da ke tukunya ta zuba a jarka. Ga shi ta fitar da baƙi daga ƙoƙon Ubangiji, amma ta zuba masa 'ya'yan bishiyar tsafi.

Nomau ya fito cikin sabuwar riga fara da 'yarsu ta aiko daga Kano, ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa tun da ciwo ya rage shi. Ya sa hula, ya cire, ya sake sawa.

"Ta zauna?" ya tambaya.

"Ta zauna, Maigida."

Suka kama hanya, shi a gaba da sanda, ita a baya da jarka a ka. Hanyar majami'a ta bakin gonarsu take bi. Altine ta yi niyyar yin shiru. Ja ne, zai gani, zai sha, shi ke nan. Amma kowane taku sai ta ji jarkar ta ƙara nauyi. An koya musu cewa mutum ya binciki zuciyarsa kafin ya matso teburin nan, ita kuma ga ta za ta ba mijinta abin da ta san da ya sani sai ya tsaya ya yi tunani. Da suka zo daidai inuwar tsamiyar, sai ta tsaya.

"Maigida, ina da magana."

Ya juyo. Ta sauke jarkar, ta faɗa masa duka: tsamin, da cikinsa, da kanwar, da yadda tukunya ta yi baƙi ƙirin, da Zubaidatu, da inda aka kaɗo tsamiyar. Ba ta rage komai ba. Tana magana tana kallon ƙasa.

"Baƙi ya yi?" ya ce.

"Baƙi."

"Sannan da 'ya'yan wannan aka gyara?"

"Da su."

Ya ɗaga kai ya kalli bishiyar, daga rassanta har zuwa gindin da duwatsun yankansa suke jibge har yanzu, ciyawa ta fara rufe su. Ya daɗe. Aka buga ƙarfe na biyu.

"Ɗauki kayanki," ya ce. "Za mu makara."

Ta ɗora jarkar a ka, ta bi bayansa har suka isa.

Majami'a ta cika, har da 'yan birni da suka dawo gida hutu. Mata a hagu cikin zanen zumunta iri ɗaya, maza a dama. Aka yi waƙoƙi da tulu da kacau-kacau, yara suka yi wasan makiyaya, wani ɗan rago na gaske ya ƙwace ya shige ƙarƙashin benci aka yi ta dariya. Altine ba ta ji ko ɗaya ba. Daga inda take zaune tana hango ƙeyar Nomau a benci na biyu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, bai motsa ba.

Rabaran Dabo bai yi dogon wa'azi ba. Ya ce Allah bai tsaya daga nesa ya aiko da saƙo ba, ya zo da kansa, da jiki irin namu, aka haife shi a inda dabbobi suke kwana. Ya ce shi ya sa bai bar mu da magana kawai ba, ya haɗa mana da abin da hannu zai taɓa, baki ya ɗanɗana: ruwa, da gurasa, da ƙoƙo. Sannan ya yaye farin ƙyallen da ke kan tebur, ya buɗe Littafi, ya karanta wurin nan da Altine ta kusa haddacewa saboda maimaitawa.

Aka raba gurasar Tarana, kowa ya ci. Altine ta ga Nomau ya kai tasa baki. Sai dattawa suka zagaya da tire na 'yan kofuna. Ya ɗauki ɗaya da hannu biyu. Rabaran ya yi addu'a, ya ce a sha gaba ɗaya.

Majami'a ta sha. Nan da nan aka ji tari daga ɓangaren maza, wata tsohuwa ta runtse ido ta girgiza kai, Tarana ta juyo ta kalli Altine da gefen ido. Altine ba ta sha nata ba tukuna. Nomau take kallo. Kofinsa yana hannunsa, ya sunkuya yana leƙa ciki, kamar yadda ta sha ganin ya sunkuya a gindin bishiya. Dattijon da ke karɓar kofuna ya zo kusa da shi ya tsaya. Rabaran ya ɗaga wa dattijon hannu alamar ya jira. Altine ta rufe ido. Ba ta iya haɗa addu'a ba, sunan Yesu kawai take maimaitawa.

Da ta buɗe ido, Nomau ya ɗaga kai sama, kofin yana bakinsa. Ya shanye, har ya ɗan girgiza shi don ɗigon ƙarshe, ya miƙa wa dattijo.

Sannan ta sha nata. Tsami da gishirin kanwa suka haɗu suka daki harshenta, abin ba daɗi ko kaɗan. Hawaye suka zubo mata, ta bar su, ai kowa zai ce tsamin ne.

Bayan an tashi, a bakin ƙofa Tarana ta riƙo mayafinta. "Altine, zoɓon nan da me kika dafa shi? Haƙorana har yanzu ba su dawo ba."

"Zan ba ki labari, Yaya."

"Ki ba ni, don kar in kuskura in yi irinsa baɗi."

Rabaran ya riƙe hannun Nomau ya daɗe bai saki ba, mutane suka yi ta zuwa suna yi masa barka. Sai da rana ta take suka kamo hanyar gida, jarka ba komai a hannun Altine. Wannan karon tare suke tafiya, kafaɗa da kafaɗa. Ita ta fara magana.

"Ka daɗe ba ka sha ba, Maigida."

"Na daɗe."

"Na ɗauka za ka ajiye."

"Ni ma na ɗauka." Ya ɗan yi tafiya. "Da na leƙa sai na ga baƙin da kika faɗa, ko da yake ja ne a gabana. Na ce to, Nomau, an nuna maka tun da safe. Sai kuma na tuna abin da kike karanta min, wanda Rabaran ya sake karantawa yau. Ubangiji cewa ya yi su sha dukansu. Na yi ta juya kalmar. Ban ji inda ya ce a fara duba launi ba, ban kuma ji inda ya ware mai wuƙa ba. Shekara arba'in ina tambayar jini ko an karɓe ni, kullum sai na sake tambaya baɗi. Wannan jinin kuwa shi ya fara magana tun ban tambaya ba. Sai na sha."

Sun iso inuwar tsamiyar. Ya tsaya, ya taɓa ɗaya daga duwatsun da bakin sandarsa.

"Ita kuma wannan, na kai mata kaji sun fi ɗari, ban taɓa ganin ta kai wa kowa komai ba. Yau ga shi an sa ta ta kai nata teburin Ubangiji, ko shawara ba a yi da ita ba." Ya yi 'yar dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba. "Itace ce, Altine. Allah ne ya shuka ta."

"Cikin fa? Bai yi maka zafi ba?"

"Yana yi. Kin ce don cikina kika sa kanwa, ga shi kin ba ni tsamin da ban taɓa sha ba tun da aka haife ni."

"Ka yafe ni."

"Na gode dai," ya ce. "Na gode."

A gida ta zuba shinkafa a mafi girman kwanukan aro, ta ɗora cinyoyin kaza biyu a sama, ta rufe. Tana shirin fita sai Nomau ya ce ta kawo, shi zai kai wa Zubaidatu da kansa. Ya karɓi kwanon, ya kai bakin zaure, ya juyo.

"In na je zan aro gorarta. Gobe da safe kunun tsamiya nake so, kaɗan, mai ruwa ruwa. Ta gonarmu."